Robar Ce Ta Yi Ƙarya, Ko Kuwa Rashin Sani Ne?

 Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda na saba. Na san wasu daga ganin kan rubutun nan za su ce, "Kai, yarinyar nan ba ta da kunya!" To na ji, na kuma ɗauka. Ni kaina sai da na yi sati biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Amma abin da idona ya gane mini a ƙauyenmu bayan kakar da ta wuce ya hana ni sakat, kuma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mu marubuta mun saba rufe littafi a daren da aka kai amarya, 'yan rakiya suka watse. To yau abin da ke biyo bayan wannan daren nake so mu tattauna.

'YAR BAFFANA

Ƙauyenmu yana tsakanin Dambatta da Makoɗa. Duk wadda ta taɓa bin hanyar Daura daga Kano ta san yadda ƙasar take: gona manne da gona, gida yana hango gida, ga ɗorawa da gawo da tsamiya tsaitsaye cikin gero da dawa da gyaɗa. A wajenmu gona ba ta hutu don babu inda za a koma, sai dai duk rani a yi ta kai mata taki a mangala.

Biki ne ya kai ni. Da aka ɗan lafa da hidima sai na ce bari in leƙa ƙanwata, 'yar ƙanin babana, wadda ba zan faɗi sunanta ba. Tana da shekara 16 aka cire ta daga aji uku na ƙaramar sakandare aka yi mata aure, tana da 17 ta haihu. Haihuwar kuwa da ƙyar aka sha, domin kwana biyu ta yi tana naƙuda a ɗaki kafin a sami motar da ta kai ta asibiti. Allah Ya yi da sauran kwana, ita da jaririn suka rayu. Ranar da za a sallame su malamar asibiti ta kira mijin gefe ta ce masa, "Malam, yarinyar nan ta wahala. A bar ta ta huta shekara biyu kafin wani cikin."

Da na yi sallama na ɗaga labule, wallahi ban gane ta ba. Yarinyar da na sani jajir, mai kumatu, ta koma sai idanu da ƙashin wuya. Ga yaron, ɗan wata 9, kwance a tabarma, gashinsa ya yi ja, ko kukan kirki ba ya iyawa. Ka san ɗan fari, ba ta ko kallonsa a gaban mutane, amma na lura duk motsin da ya yi sai ta saci kallonsa ta wutsiyar ido. Da ta miƙe za ta ɗebo mini ruwa sai na ga abin da zanin yake ɓoyewa.

Na ce, "Ke, ciki ne da ke?"

Sai ta fashe da kuka. "Yaya, wata huɗu. Iya ta ce in cire shi daga nono, wai nonon ciki guba ne. Tun ran nan yake zawo. Mata kuma sai dariya suke mini a bakin rijiya, wai na yi kunika."

Na ce, "To shi maigidan naki bai ji abin da aka gaya masa a asibiti ba ne?"

Ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana wasa da bakin zani, sannan ta ce, "Wallahi Yaya ya ji, kuma ya yi ƙoƙari. Robar nan ya riƙa sayowa a kemis ran kasuwa. Ashe ƙarya ce, ba ta hana komai."

Da na bi ta a hankali sai ga yadda abin yake. Mijin saurayi ne mai kirki, yana zuwa ci-rani kasuwar Dawanau yana dako, sai bayan sati biyu yake leƙo gida. Robar a aljihun rigarsa take yini, cikin rana da gumi. Ranar da akwai a yi amfani da ita, ranar da ta ƙare a ce ai sau ɗaya ba komai, tunda tana shayarwa. Ita kuwa tun yaron yana sati biyu ake ɗura masa ruwa, yana wata uku aka fara ba shi koko, yana wata huɗu al'adarta ta dawo. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani. Shi yana jin kunyar tambayar mai kemis, ita tana jin kunyar tambayarsa.

LISSAFIN DA MALAMA TA YI MINI

Da na dawo Kano ban zauna ba sai da na je wajen wata maƙwabciyarmu, tsohuwar ungozomar asibiti da ta yi ritaya. Na kwashe labari na gaya mata, na ce, "Hajiya, don Allah robar nan gaskiya ce ko kuwa cin kuɗin talaka ne?"

Ta yi murmushi ta ce, "Zauna 'yata. Robar ba ta yi ƙarya ba, amma ba laya ba ce da za a rataya a manta."

Ta jawo takarda ta ce in ɗauka ga matan aure 100, a bi su shekara guda cur. Wannan lissafi, in ji ta, shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take koyar da ma'aikatan asibiti da shi. Ga shi kamar yadda na kwafa:

In ba su yi amfani da komai ba, kimanin 85 za su sami ciki.

In mazansu suna amfani da kwaroron roba daidai, kowane lokaci ba fashi, 2 ne kacal za su samu. Amma yadda yawancin mutane suke yi, yau a sa gobe a manta, sai adadin ya tashi zuwa 13.

Azalu, wato namiji ya janye, a yadda aka saba yi, kimanin 20.

Ƙwayar da ake sha kullum, kimanin 7, saboda mantuwa. Wadda ba ta tsallake rana kuwa, ko 1 ba a kaiwa.

Allurar wata uku, kimanin 4, yawanci don an makara komawa.

Ashanar fata, wato ɗan siririn abin da ake sakawa a damtse, da kuma robar mahaifa, ƙasa da 1.

Ta ce, "Kin ga tsakanin 2 da 13? To a nan ƙanwarki ta faɗa. Kuma ku yara ƙanana kun fi faɗawa, don jikinku ya fi saurin ɗauka, ga kunya, ga rashin sani."

Sai ta lissafo mini abubuwan da ke karya robar. Na farko, fashi, ko da na rana ɗaya ne. Na biyu, rashin sa ta tun daga farko har ƙarshe. Na uku, zafi: wadda ta yini a aljihu, ko a kan teburin mai magani a rana, ko a ƙarƙashin kwanon ɗaki, ta riga ta yi rauni. Na huɗu, maiƙo: basilin, man shanu, man gyaɗa, man shafawa, duk suna cinye roba ta fashe. Na biyar, wadda kwanan watanta ya wuce, kuma yana nan rubuce a jikin ledar. Na shida, maimaita wadda aka yi amfani da ita, ko haɗa biyu wuri guda wai don a ƙara ƙarfi, alhali gogar juna za su yi su yage.

Amma ta ce kada in raina ta, domin tana da wani amfani da duk sauran ba su da shi: ita kaɗai ce take tare ciki kuma take tare cuta, irin su ƙanjamau da ciwon sanyi. Allura da ƙwaya ba ruwansu da cuta. Ta tuna mini cewa a 2024 gwamnatin Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da ƙanjamau da ciwon hanta da jinsin jini. To in gwaji ya nuna ɗaya yana ɗauke da wani abu, robar tana cikin abin da likita zai yi musu bayani a kai.

Sannan ta faɗi maganar da ta tsaya mini a rai. Ta ce, "Babban raunin robar ga mace shi ne, ba a hannunta take ba. Shi zai saya, shi zai ajiye, shi zai ga dama. Ita kuwa ita za ta ɗauki cikin."

SHAYARWA FA?

Na ce, "To Hajiya, ai mun taso muna ji ana cewa mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki."

Ta ce gaskiya ne, amma da sharaɗi uku, kuma sai sun haɗu duka: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba koko, kuma al'ada ba ta dawo ba. In sun cika, kimanin 2 cikin 100 ne suke samun ciki. In ɗaya ya warware, to kariya ta tafi. Ku duba ƙanwata, ai biyu ne suka warware mata tun yaron yana wata huɗu.

Game da nonon ciki kuwa ta ce ba guba ba ne. Mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa in tana samun abinci, sai fa in likita ne ya hana saboda wani dalili. Abin da yake kayar da yaro shi ne yaye na farat ɗaya, a raba shi da nono a koma ba shi koko tsararo da ruwan da ba a tafasa ba. Daga nan sai zawo, daga zawo sai tamowa.

Ta kuma ce in gaya muku gaskiya kan allura da ashana, kada a ce an ɓoye. Suna iya rikita al'ada, wata ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo, wata ta ɗauke mata gaba ɗaya, kuma wannan ba jini ne yake taruwa a ciki ba. Mai allura takan ɗan jira wasu watanni bayan ta daina kafin ciki ya zo. Ashana kuwa akwai ta shekara 3, akwai ta shekara 5, kuma duk ranar da mace ta so za a cire mata, haihuwa ta dawo. Babu wadda take kashe mahaifa a cikinsu. Tun 2011 Gwamnatin Tarayya ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ko da yake wani lokaci a tarar sun yanke, ko a ce a sayo safar hannu da auduga.

BA BAƘON ABU BA NE

Na san za a ce wannan ai koyarwar Turawa ce. To ni dai kakata ba ta taɓa shiga aji ba, amma da na koma ƙauye na ba ta labari cewa ta yi, "A zamaninmu mace ta haihu sai ta tafi gidansu wanka, kuma ba ta yarda da miji sai ta yaye. Tsakanin ubanki da baffanki shekara uku ne. Ai ko mai shuka da sungumi sai ya yi taku kafin ya sake sara." Wato iyayenmu suna da tasu tazarar. Mu ne muka saki tasu, ba mu kama wata ba.

Ta fuskar addini kuwa, ni ba malama ba ce, amma abin da na koya a Islamiyya shi ne, Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa, kuma hadisin Jabir da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna sahabbai suna yin azalu a zamanin Manzon Allah (SAW). A 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait, ta ce ya halatta miji da mata su ba da tazara ta wani lokaci in akwai buƙata, da shawara da yardar juna, muddin ba cutarwa, amma ba a yarda a yanke haihuwa gaba ɗaya ba sai da lalura. Wadda take da shakka ta sa a tambayar mata malamin da ta amince da shi. 'Ya'ya kyautar Allah ne, babu mai musu. Uwar ma ai amanar Allah ce.

Kuma kada ku ɗauka ƙanwata ce kaɗai. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cikin 'yan mata 100 masu shekara 15 zuwa 19, 19 sun haihu ko suna da cikin fari. A birni 8 ne, a karkara 27, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa 29. Likitoci sun tabbatar yarinyar da ba ta kai 20 ba ta fi shiga haɗarin jijjiga da haihuwar bakwaini, shi ya sa suke ba da shawarar a jinkirta cikin fari har a kai 18 ko fiye, a kuma bar wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin.

Sai kuma yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ba asibiti take jawowa, musamman in ƙugu bai gama buɗewa ba. Mu mutanen Dambatta ba sai an ba mu labari ba, domin a garin ne ƙungiyar FORWARD ta buɗe cibiyar kula da masu wannan lalura wajen ƙarshen shekarun 1990, tana koya musu karatu da sana'a bayan an yi musu aiki. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, tun shekarun 1980 ya fara ɗinke mata a Babbar Ruga ta Katsina, daga baya kuma a sashen Laure na Asibitin Murtala a Kano, dubbai sun warke. Amma ku tambayi duk wadda ta kwanta a can, za ta ce muku rigakafi ya fi magani. Ƙanwata saura ƙiris ta zama ɗaya daga cikinsu.

KE KUMA 'YAR MAKARANTA

Yanzu bari in juyo gare ki, ƙanwata mai hijabin makaranta. Duk abin da na faɗa a sama maganar gidan aure ce, kuma na faɗa ne don ki shiga da idonki a buɗe. Amma na san irin maganganun da ake raɗa muku a zaure da bayan makaranta da cikin waya: "Haba masoyiyata, ai akwai roba, ba abin da zai faru." To kin dai ji lissafi, 13 cikin 100, kuma wannan har da manya masu hankali a kwance. In abin ya faru, shi gobe zai saɓi jakarsa ya tafi aji. Ke za a cire, ke za a nuna da baki, mahaifiyarki ce za ta kasa shiga biki. Hanya ɗaya ce tak ba ta da ko 1 cikin 100, ita ce kame kai. Mai sonki da gaskiya ƙofar gidanku zai turo manya.

Kuma don Allah ku daina yarda da ƙarairayin ɗakin kwana. Ana ɗaukar ciki a karon farko. Ana ɗauka ko al'ada ba ta daidaita ba. Wanka ko fitsari ko tsalle ba sa hanawa. Ruwan gishiri, kanwa, lemon tsami, kafso, duk ba sa hanawa, sai dai su illata ki. Masu zubar da ciki a lungu kuwa sun kai 'yan mata da yawa kabari.

Akwai kuma wadda ba da son ranta ba, fin ƙarfi aka yi mata. 'Yar uwa, in wannan ya same ki ko ya sami ƙawarki, ba laifinki ba ne, kuma shiru ba naki ba ne. Ki gaya wa mahaifiyarki ko wata babba da kika yarda da ita, a tafi asibiti a ranar. Akwai maganin da ke tare ƙanjamau, amma sai an fara shi cikin awa 72. Akwai ƙwayar gaggawa mai hana ciki shiga, tana aiki har kwana 5, amma gwargwadon saurinki gwargwadon ƙarfinta. Ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, kuma ba ta yau da kullum ba ce.

In kuwa an sa miki rana kina ƙarama, kada ki tsaya kan lefe da kayan ɗaki kawai. Ki sami yayarki ko gwaggonki ki ce ta raka ki wajen malamar asibiti, a kuma sami wanda angon yake jin nauyinsa ya yi masa magana. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Rashin sani ya fi dare duhu.

YADDA MUKA ƘARE

Ni dai ba zan iya tarar mijin ƙanwata da wannan zance ba, don haka yayanmu na tura, ya same shi a Dawanau suka keɓe. Ya ce bawan Allah nan har ƙwalla ya yi, yana cewa shi a zatonsa ya yi duk abin da aka ce. Iya kuwa kakata ce ta je ta same ta, ban san me suka ce wa juna ba, na dai ga an daina zancen guba. An kai yaron asibiti, an ba shi abincin nan na gyaɗa da ake ba masu tamowa, yanzu har yana rarrafe yana jan zanin uwarsa. Ita kuma cikin ya shiga wata bakwai, tana zuwa awo, an yi alkawari a asibiti za ta haihu, kuma ita da mijin tare za su zauna da malama su zaɓi abin da ya dace da su kafin a sallame ta. Har yanzu gabana yana faɗuwa, domin jininta bai gama dawowa ba. Ina roƙon duk wadda ta karanta wannan ta sa ta a addu'a.

Ranar da zan taho ta rako ni har bakin gona, ta riƙe mini jaka, ta ce, "Yaya, ki rubuta. Kada dai ki sa sunana. Da na san wannan tun ina makaranta…" Ba ta ƙarasa ba, mai mota ya yi ham.

To na rubuta. In kin karanta ki miƙa wa ƙawarki, wadda ba ta iya karatu ba ki karanta mata. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuri'a, Ya tsare mana mutuncinmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.